Jabel ko Oksijene: Muhawara Kan Wanke Ƙoƙon Kan Dabba Har Ya Yi Fari

Malam Sa'idu, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a nan Garwa, kuma a zangon karatu mai zuwa zan shiga darasin haƙora da tsarin ƙasusuwan dabbobi masu shayarwa. Burina shi ne yara su riƙe ainihin ƙoƙon kan rago da na sa a hannunsu, su ƙirga haƙoran da kansu, su gane da idonsu cewa dabba mai tuƙa ba ta da haƙoran gaba a muƙamuƙinta na sama, domin zanen allo ba ya zaunar da wannan a zuciyar yaro yadda taɓawa take yi. A ɗakin gwajinmu akwai wani tsohon kan akuya da na tarar, fari fat, amma duk wanda ya ɗauke shi sai ya ga gari ya maƙale masa a yatsu, ƙasusuwan cikin hanci kuma duk sun zube. Wani abokin aikina ya ba ni shawarar in dafa kan sosai, in kankare naman, in jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan jabel, wato bilicin da ake wanki da shi. Kafin in sayi kai a mahauta ina so in ji daga bakin masu sani: wane sinadari ne daga cikin waɗanda ake samu a gida ko a kanti yake sa ƙashi ya yi fari ba tare da ya ci shi ba, kuma wane hatsari ya kamata in kiyaye, tun da aikin a gidana zan yi shi, inda akwai ƙananan yara?

Alhaji Ɗanladi, Marwa:
Wa alaikumus salam Malam Sa'idu. Fawa na gada, kuma kan sa da na rago sun bi ta hannuna tun ina yaro. Shawarar da abokin aikinka ya ba ka ita ce wadda muka saba da ita idan wani ya zo yana neman kan sa mai manyan ƙahoni don ya rataya a shago ko a wurin cin abinci. Akan dafa shi a rabin duro har naman ya saki, a wanke da omo, a tsoma a jabel, a shanya a rana, kuma kafin la'asar ɗin washegari mai kaya ya ɗauki kayansa. Ban taɓa jin wanda ya dawo da ƙorafi ba. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne ka je mahauta da sassafe ka karɓi kan kafin ya shiga hannun masu babbaka, domin wuta tana ƙona ƙaho, tana kuma bar wa ƙashin goshi da na hanci tabon da babu abin da zai fitar da shi. Ka kuma gaya wa mahaucin kada ya sa gatari, ya raba kan da wuya da wuƙa a daidai gaɓa, in ba haka ba zai fasa maka ƙeya.

Malama Hadiza, Njamena:
Ina gaida Alhaji Ɗanladi, kuma maganarsa a kan babbaka da gatari gaskiya ce da ba a samunta a littafi. Amma a kan jabel, da izininsa, ina da ja, kuma hujjata tana nan cikin tambayar Malam Sa'idu kanta. Wancan kan akuyar da yake barin gari a yatsu, duk alamu sun nuna jabel ne ya mai da shi haka.

Ni malamar kimiyyar sinadarai ce, bari in yi bayanin dalili. Ƙashi abu biyu ne a haɗe. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa ma'adini ne, wato kalsiyam da fosfet, wanda shi ke ba shi tauri. Ragowar kuwa mafi yawansa wani furotin ne mai kama da zare da ake kira kolajin, wanda shi ke riƙe ma'adinin kada ya wargaje. Misalinsa kamar ƙasar gini ce da aka cuɗa da ramno: in aka zare ramnon, katangar za ta tsaya na ɗan lokaci, amma ba za ta jure taɓawa ba. Jabel, ko na ruwa ko na gari, sinadarin kulorin ne mai narkar da furotin, shi ya sa yake kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa kuma yake sa fatar hannu ta yi santsi idan an taɓa shi. Da ya shiga ƙashi sai ya cinye wannan zaren, ya bar ma'adinin tsirara. Ranar farko mutum zai ga fari mai ɗaukar ido ya yi murna, amma ƙashi cike yake da ƙananan ramuka, ruwan ya riga ya shige ciki, ɗauraya ba ta fitar da shi duka, kuma ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa. Bayan wasu watanni fuskar ƙashin za ta fara ɓarewa, siraran ƙasusuwa su karye, wani lokacin ma launin ya koma rawaya.

Asid kuma ɓarnarsa ta ɗaya ɓangaren ce, domin shi ma'adinin yake narkarwa. Ko ruwan khal na kicin, in ƙashin kaza ya daɗe a cikinsa, sai ya yi laushi har a lanƙwasa shi. Saboda haka ruwan wanke masai da duk wani abu mai asid ba su da wuri a wannan aiki.

Alhaji Ɗanladi, Marwa:
Malama, na ji bayaninki kuma ban raina shi ba. Sai dai akwai kan wani bijimi da na gyara da jabel shekaru da dama da suka wuce, har yau yana rataye a bangon wani shago a kasuwarmu, duk mai wucewa yana ganinsa. In da jabel yana ci kamar yadda kika ce, ai da tuni ya zube ƙasa. Sannan ku dubi halin mutane: jabel yana kowane kanti a kuɗi kaɗan, kuma malamin makaranta ba shi da kuɗin zubarwa.

Dakta Hamisu, Garwa:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kan bijimi yana da kauri, kuma wanda aka rataye a bango ba mai taɓa shi, don haka zai iya daɗewa yana ɓoye raunin da ke cikinsa. Wanda Malam Sa'idu yake nema kuwa zai bi ta hannun yara aji bayan aji, shekara bayan shekara, za a buɗe muƙamuƙinsa a rufe, a leƙa cikin hancinsa. Buƙatun biyu ba ɗaya ba ne. In ka sami dama ka sa farce ka ɗan kankari bayan wancan kan na shago, ina tsammanin za ka ga abin da Malama take faɗa.

A ganina ma an fara muhawarar daga ƙarshe. Fari shi ne mataki na uku, kuma shi ne mafi sauƙi. Wahalar tana wajen cire nama da cire maiƙo, kuma wanda ya kyautata waɗannan biyun ya gama yawancin aikin.

Game da nama, ban goyi bayan tafasawa ba. Zafin tafasa yana narkar da kitse ya tura shi can cikin ƙashi, yana tsaga haƙora, yana kuma raba gaɓoɓin ƙoƙon kai, musamman na ƙaramar dabba wadda ɗinkin kanta bai gama haɗewa ba. Hanyar da masu koyar da tsarin jikin dabbobi suka fi yarda da ita ita ce jiƙo. A feɗe fatar, a cire idanu da harshe da duk naman da wuƙa za ta iya ɗauka ba tare da ta karci ƙashi ba, a zuba ruwa ta ramin ƙeya a motsa da waya har ƙwaƙwalwa ta fito, sannan a nutsar da kan cikin bokitin roba cike da ruwa zalla, a rufe ba da ƙarfi ba. Ƙwayoyin bakteriya ne za su yi sauran aikin, kuma sun fi son ruwa mai ɗumi kamar digiri 30 zuwa 35. A ƙasashen sanyi sai sun sayi na'urar ɗumama ruwa, mu kuwa a Garwa, inda zafin Maris da Afrilu yake haura digiri 40, ajiye bokitin a inuwa ya wadatar. Cikin mako ɗaya zuwa uku naman zai saki. Duk bayan 'yan kwanaki a zubar da mafi yawan ruwan a ƙara sabo, amma a bar kaɗan daga tsohon domin ƙwayoyin su ci gaba, kuma kada a sa sabulu ko jabel a wannan mataki don zai kashe su. A riƙa tace ruwan da rariya, saboda haƙoran gaba za su zube cikinsa, kuma guda takwas ne a rago da sa, in ɗaya ya ɓata darasin ya samu giɓi. Warin yana da ƙarfi ƙwarai, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, don haka a nisanta bokitin da ɗakuna da rijiya da madafa, a sa safar hannu, a zuba ruwan a rami a binne.

Bayan nan sai maiƙo, wanda shi ne yake kayar da yawancin mutane. Akwai kitse da ɓargo a cikin ƙashi, musamman a muƙamuƙi da ƙeya da gindin ƙaho. In ba a fitar da shi ba, komai farin da aka samu, zafi zai sa ya tsattsafo ya yi tabo rawaya mai ƙarni. Maganinsa ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka na ruwa, wanda ba shi da launi mai kama abu, a jiƙa, a sauya ruwan duk lokacin da ya yi gurɓi, har ranar da za a ga ruwan ya kwana garau kuma babu maiƙo a samansa. Kan rago yakan ɗauki makonni, na sa mai ƙiba yakan kai watanni.

Ibrahim, Ngaundere:
Ina gaida iyayena da malamaina. Ni ɗalibi ne a makarantar koyon likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngaundere, kuma ina haɗa ƙwarangwal ɗin akuya don karatuna. Dakta, watanni sun yi wa ɗalibi yawa. Na ji wasu suna cewa in aka jiƙa ƙashi a zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, maiƙon yana fita cikin kwana biyu. Wasu kuma sun ce kanwa ko sodar da mata suke haɗa sabulu da ita tana yin aikin. Shin akwai wadda za a iya amfani da ita a cikinsu?

Malama Hadiza, Njamena:
Ɗana Ibrahim, fetur yana narkar da kitse, wannan gaskiya ne, amma ina roƙonka kada ka kusance shi da wannan niyya. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske murhu ko fitila a nesa, kuma bokitin fetur a buɗe a ɗakin ɗalibi a lokacin zafi gobara ce ake jira. Ga shi yana barin wari da launi a ƙashin. Sodar sabulu kuwa ta fi jabel saurin ɓarna, domin tana narkar da furotin ɗin ƙashi, tana ƙona fata, kuma ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. Kanwa ta fi su sauƙi nesa ba kusa ba, kuma kaɗan daga cikinta a ruwan ɗumi tana taimakawa wajen yanke maiƙo, sai dai in aka yawaita ta ko aka dafa ƙashi da ita, fuskarsa takan yi gari-gari, kanwar kasuwa kuma tana zuwa da ƙasa da launi. Ni da za a bi ta tawa, sabulun wanke kwanuka ya isa. In maiƙon ya ƙi fita, ana iya amfani da amoniya ta wanke-wanke wadda aka sirka da ruwa mai yawa, a fili, cikin roba mai murfi, domin ita ba ta cin ƙashi amma tururinta yana ƙona ido da maƙogwaro.

Tun da an ambaci amoniya, wajibi ne in faɗi abin da ya fi duk wannan muhawara muhimmanci, wato haɗe-haɗe. Jabel da amoniya in sun haɗu suna fitar da iskar kuloramin mai lahani ga huhu. Jabel da asid, ko ruwan khal ne ko ruwan wanke masai, suna fitar da iskar kulorin, irin wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. Oksijene, wato ruwan farmasi da ake wanke ciwo da shi, da ruwan khal suna haifar da wani asid mai ƙona fata da ido. Oksijene da jabel suna tafasowa nan take su fantsama. Aseton, sinadarin goge jan farce wanda wasu suke cire maiƙo da shi, ba a haɗa shi da oksijene ko kaɗan, saboda haɗinsu yana iya haifar da abu mai fashewa. Abin lura shi ne ba sai mutum ya zuba wannan a kan wancan da gangan ba. Ƙashi yana shan ruwa ya riƙe, don haka in aka ciro shi daga wani sinadari aka jefa cikin wani, an haɗa su ke nan. Tsakanin kowane mataki da na gaba a jiƙa shi a ruwa zalla, a sauya ruwan, a bar shi ya bushe.

Jabel yana da aikinsa, Alhaji, ban ce a kore shi daga gida ba. Bayan an gama, a wanke bokiti da wuƙa da tebur da sabulu, a ɗauraye, sannan a bi su da jabel bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar.

Baba Abakar, Kusiri:
Salamu alaikum. Ni ba malami ba ne, fataucin banda nake yi tsakanin bakin tafkin Chadi da kasuwannin kudu, amma jikana ya karanta mini wannan zance kuma ina da abin cewa a kan ƙananan dabbobi. Akwai wani ƙwaro baƙi-baƙi da tsutsarsa mai gashi da suke shiga buhun busasshen kifi, mu a wurinmu masifa ce domin suna iya mai da buhu guda ƙaya da gari. Amma na sha ganin yadda suke barin ƙayar kifi tsaf, kowace a mazauninta, babu wadda ta karye. Ina ganin mai neman ƙashin kaza ko na ɓera ko na kifi, wanda ruwa zai wargaza masa shi ya rasa gane wanne ne na ina, zai fi masa sauƙi ya busar da abin ya ba waɗannan ƙwari.

Dakta Hamisu, Garwa:
Baba, wallahi ka faɗi abin da manyan gidajen adana kayan tarihin halittu na Turai da Amurka suke yi. Wannan ƙwaron naka, wanda masana suke kira Dermestes maculatus, kiwonsa suke yi musamman a akwatuna don ya share musu ƙasusuwa masu laushi, kuma yana barin jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi in an ciro ƙwarangwal ɗin a kan lokaci. Sharaɗin shi ne a tsare shi a akwati mai raga, nesa da rumbu da fatu da tufafin ulu, domin duk yana cin su. In ya gama, a sa ƙashin a firiza na wasu kwanaki don a kashe ƙwai da tsutsar da suka ɓuya. Binnewa a ƙasa ko ajiyewa a gidan tururuwa ba na ba da shawararsu, saboda jar ƙasa tana rina ƙashi, karnuka kuma suna tonowa, ƙananan haƙora su salwanta.

Hajiya Rabi, Ngaundere:
Na bari sai da aka gama maganar nama da maiƙo kafin in sa baki, domin abin da ake nema a kantinmu yake. Ina aiki a farmasi. Sinadarin da ya dace da wannan aiki shi ne ruwan oksijene, wanda ake wanke ciwo da shi, a Turance haidirojin feroksaid. Yana karya launin da ke jikin ƙashi, a ƙarfin da ake sayarwa a kanti ba ya wargaza shi irin yadda jabel yake yi, kuma in ya gama aiki ruwa da iskar oksijin kawai yake komawa.

A kula da rubutun kwalba, domin a nan ana auna ƙarfinsa da bolum. Mai bolum 10 shi ne kashi 3 cikin ɗari, kuma shi ne na farmasi. Wanda masu gyaran gashi suke haɗa rini da shi yana zuwa da bolum 20, wato kashi 6, da bolum 30, kashi 9, da bolum 40, kashi 12 cikin ɗari. Ga mai yara a gida, Malam Sa'idu, ni na farmasin nake zaɓar maka. Yana da jinkiri, zai ɗauki kwana biyu zuwa mako guda, amma in ya taɓa fata iyakarsa ya bar farin tabo na ɗan lokaci. Mai bolum 40 yana gamawa cikin sa'o'i ko yini ɗaya, sai dai yana ƙona fata sosai kuma yana iya lalata ido, don haka ba a taɓa shi sai da safar hannu ta roba da tabarau mai rufe gefe.

Yadda ake yi: a sami robar da ta yi daidai da girman kan don kada a ɓarnatar da ruwan, a nutsar da shi gaba ɗaya, domin in wani sashe ya fito waje za a ga layi a jikinsa. Kada a yi amfani da kwanon ƙarfe, saboda ƙarfe yana saurin kashe sinadarin kuma tsatsa tana ɓata ƙashi. A ɗora murfi a ajiye a wuri mai duhu, tun da haske da zafi suna raunana shi, amma kada a toshe murfin, domin yana fitar da iska kuma roba rufaffiya tana iya kumbura ta fashe. A riƙa dubawa kullum, a ciro kan tun yana da ɗan sauran launin madara, saboda zai ƙara haske in ya bushe, kuma ko oksijene in an bar ƙashi ya wuce kima a cikinsa yana raunana shi. Game da tsada da Alhaji ya ambata, kan rago ba ya cin ruwa mai yawa. Na sa kuwa, maimakon a cika bokiti, a lulluɓe shi da auduga ko farin ƙyalle da aka jiƙa da oksijene, a sa a leda, ko a shafa masa mai kaurin nan na masu gyaran gashi da burushi.

Roƙona ɗaya, don abin da muke gani a wurin aiki: kada a juye ko wane irin sinadari a gorar ruwan sha ko ta lemo. Oksijene da jabel duk sun yi kama da ruwa a idon yaro mai jin ƙishi. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15 sannan a tafi asibiti. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara da ƙarfi, a kai shi asibiti nan take tare da kwalbar.

Malam Sa'idu, Garwa:
Allah ya saka muku da alheri, yanzu na gane inda zan dosa. Saura ƙaho, Hajiya. Shi ma a nutsar da shi cikin oksijenen tare da kan?

Alhaji Ɗanladi, Marwa:
Wannan kam bari in amsa, Malam. Ƙaho kube ne, a cikinsa akwai ƙashi da ya tsiro daga kan, tsakaninsu kuma akwai nama mai jini. In ba a zare kuben an wanke ba, wari da tsutsa ba za su bar ka ba ko da kan ya yi fari kamar alli. Bayan ya kwana biyu-uku a ruwa sai ka kama ka murɗa, ko ka buga gindinsa da katako, zai zame. Na farin sa da na jan sa irin na Mbororo suna fita da sauƙi, na rago mai naɗi ya fi gardama. Ka wanke cikinsa da sabulu, ka shanya a inuwa, ka ajiye gefe har ka gama da kan, sannan ka mayar. Kada ka bar shi ya daɗe a ruwa domin yana ɓarewa.

Hajiya Rabi, Ngaundere:
Haka ne, Alhaji ya gama magana. Kuben ƙaho irin sinadarin gashi da farce ne, kuma abin da ke kashe launin gashi a shagon gyaran kai zai kashe na ƙaho. Kada a bari oksijene ya taɓa shi.

Malam Tukur, Garwa:
Na yi aikin gandun daji har na yi ritaya, kuma na yi kwas a makarantar kula da namun daji ta nan Garwa, wadda aka buɗe a 1970. Ina so in yi gargaɗi ga masu karatu da za su ce ba sai sun sayi kai ba, za su tsinto a daji. Kan rago da na sa daga mahauta ba su da matsala, amma dabbar dawa hukuncinta daban. Dokar gandun daji ta Kamaru ta 1994 ta kasa namun daji rukuni uku, A da B da C, kuma ta ce duk wanda aka samu da wani sashe na dabbar rukunin A ko B ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kama ta ko ya kashe ta. Zaki da raƙumin dawa suna rukunin A, wanda aka fi ba wa kariya. Sabuwar dokar 2024 da ta maye gurbinta ta ƙara tsananta hukunci. Tun bayan kisan giwayen da aka yi a gandun Buba Njida a 2012 jami'ai ba sa wasa da wannan, don haka wanda ya ga ƙoƙon kai a kusa da gandun dajin Waza ko Benuwai ko Faro ya bar shi inda yake, ya sanar da ma'aikata. Makarantar da ke son irin wannan don koyarwa ta rubuta wa ofishin gandun daji ta nemi izini.

Dakta Hamisu, Garwa:
Ina ƙarawa a kan maganar Malam Tukur cewa ko dabbar gida ce, mushen da ba a san dalilin mutuwarsa ba ba abin taɓawa ba ne. Saniyar da ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da wuri, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura, ana zargin ciwon saifa, wato antaraks, kuma ba a feɗe ta, domin ƙwayar cutar in ta sha iska tana yin ɓawon da ke rayuwa shekaru masu yawa a cikin ƙasa, tana kuma kama mutum ta rauni a fata. A kira ma'aikacin dabbobi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa tana haɗa allurar rigakafin wannan cuta, a Chadi kuma akwai ɗakin binciken Farsha a Njamena. Haka kan kare ko na kyanwa da ba a san tarihinsu ba, saboda ƙwayar ciwon haukan kare a ƙwaƙwalwa da yawu take zama. Hatsarin yana lokacin da wuƙa ta shiga, tun kafin a kai ga kowane sinadari, don haka wankin da zai zo daga baya ba ya kare mai feɗewa.

Baba Abakar, Kusiri:
Dama a wajen malamanmu na Malikiyya ƙashin mushe da ƙahonsa najasa ne, na yankakkiyar dabba kuwa mai tsarki ne, ka ga nan ma mahauta ta fi. Kuma Malam Sa'idu, ka sanar da maƙwabtanka da mai unguwa abin da kake yi tun kafin wari ya sanar da su. Mutum in ya leƙo ya ga kan rago a jiƙe a bokiti bayan ɗaki, ba darasin makaranta zai fara kawowa a ransa ba.

Ibrahim, Ngaundere:
Na fasa batun fetur, Malama, na gode. Tambayata ta ƙarshe ga Dakta: haƙoran akuyata biyu sun tsage bayan na shanya su, kuma ina tunanin shafa wa ƙasusuwan banish don su yi sheƙi. Ya halatta?

Dakta Hamisu, Garwa:
Tsagewar daga saurin bushewa take, ƙanena, musamman in rana ta buga ko iskar hunturu tana kaɗawa. Ka shanya a inuwa, ka lulluɓe da ƙyalle don ruwan ya fita a hankali cikin kwanaki. Haƙoran da suka zube ka gwada kowanne a raminsa tukuna, sannan ka sa ɗigon farin gam na kafintoci, wanda yake bushewa garau kuma ruwa yana sakinsa in ka sa wani a ramin da ba nasa ba. Banish kuwa ka bar shi, domin yana komawa rawaya, yana kulle ragowar maiƙo a ciki, kuma yana rufe ƙananan ramukan jijiyoyi da layukan ɗinkin ƙashi, waɗanda su ne za a tambaye ka a jarrabawa. In tabon maiƙo ya fito bayan wata ɗaya ko biyu, ka mai da ƙashin ruwan sabulu, ƙarin oksijene ba zai fitar da shi ba. Ka rubuta irin dabbar da jinsinta da kimanin shekarunta da fensir a cikin muƙamuƙi.

Alhaji Ɗanladi, Marwa:
Ni dai har yanzu ina ganin mai shagon da yake son kansa gobe ba zai jira wata biyu ba, kuma ban san yadda zan yi da shi ba in ba da wuta ba. Amma zan rage wutar ta tsaya a ɗumi, in gwada oksijenen masu gyaran gashi a kan na gaba. Malam Sa'idu, ka nemi kai biyu, na ɗan shekara ɗaya da na tsohon rago, domin yara su ga bambancin haƙoran nono da manyan da suke maye gurbinsu bibbiyu. In ka rasa mai raba maka su da wuƙa yadda ya kamata a Garwa, ka yi mini magana in aiko maka a motar safe.